Mustang ɗaya, zuwa aiki kullum da shiga filin tsere: wace taya za a sa mata?

Tambayar da ɗan uwa ya yi ita ce, yana zaune a Houston, yana da Mustang GT ƙirar 2019 mai Performance Pack, wato ƙarin kayan gudu na kamfani, da ita yake zuwa aiki kullum, kuma kwanan nan ya fara shiga filin tsere jefi-jefi ranar Asabar, yanzu tayoyin da suka zo da motar sun suɗe, musamman na gaba ta gefen waje, shine yake so a faɗa masa taya ɗaya da zata yi masa duka biyun ba sai ya riƙa canje-canje ba.

Tohm ɗan uwa, gaskiya ɗaya ce, taura biyu bata taunuwa. Tayar da zata kai ka ofis cikin ruwan saman Houston lafiya lau ta yi maka shekara biyu, sannan kuma ta jure minti ashirin ana gasa mata wuta a kwana ƙarƙashin mota mai nauyin kilo 1,700, babu ita a kasuwa, duk wanda ya ce maka akwai to kaya yake so ya sayar maka. Akwai dai wadda ta fi kusa, kuma zan faɗa maka ita, amma kafin nan bari mu tsaya a kan gefen tayar nan taka da ya cinye, domin nan ne ainihin matsalarka take, kuma idan baka gyara wannan ba ko wace irin taya ka saya haka zata ƙare.

Motarka daga kamfani ta zo da Michelin Pilot Sport 4S, wadda ake taƙaitawa PS4S, 255/40R19 a gaba kan rim mai faɗin inci 9, sai 275/40R19 a baya kan inci 9.5. Wannan ba tayar banza bace, tana cikin mafi kyau a ajinta. Abin da ya cinye ta shine injin V8 ɗin nan da yake zaune a gaba, fiye da rabin nauyin motar a kan tayoyin gaba yake, sannan irin ƙafar gaban Mustang, wadda shokazoba ɗin kansa ne ginshiƙin da ke riƙe da taya, idan mota ta kwanta a kwana tayar waje bata samun karkatar da zata zauna daram a kan kwalta, sai ta naɗe ta koma tana tafiya a kan kafaɗarta. Kaga kenan faɗin milimita 255 ka biya kuɗinsa amma a tsakiyar kwana ɗan siririn gefe ne kawai yake ɗaukar duk wahalar, ya yi zafi, robar ta fara ɓantarewa, tsakiyar tayar kuwa sabo fil. Chevrolet Camaro ma irin wannan ƙafar gaban gare ta, shi yasa GM, kamfanin da ke ƙera ta, suka fitar da takardar shirya mota don filin tsere wadda a ciki har da awon alaimen daban da na titi. Dodge Challenger ƙafarta daban ce amma ita kuma nauyi ne ya yi mata yawa, samfurinta na Hellcat ya kai kilo 2,000.

Maganin wannan shine kamba, wato a karkatar da saman taya ya ɗan shiga ciki. Na kamfani wajen digiri 1 ne, mai shiga fili yana buƙatar tsakanin 2 zuwa 3 a gaba, kuma a Mustang bazaka samu haka ba sai ka sa farantin kamba a saman shokazoba, kamfanoni irin su Vorshlag, Steeda da Maximum Motorsports duk suna yi. Ni a motar da ake zuwa aiki da ita ina tsayawa wajen 2.2 zuwa 2.5, a baya kuma 1.5 zuwa 1.8 ya wadatar. Mutane suna tsoron wai kamba zata cinye cikin taya a kan titi, eh tana ɗan ci, amma babban ɓarawon shine idan bakin tayoyin biyu basu kalli gaba sak ba, sun buɗe waje ko sun tsuke ciki, wannan shi yake goge taya kamar me, don haka ka ce wa mai alaimen ya saita gaba ya miƙe sosai ko kusa da haka, baya kuma ya ɗan tsuke ciki kaɗan saboda kada bayan motar ya riƙa rawa idan ka taka birki da ƙarfi. Kuma dan Allah ka kai wajen waɗanda suka saba da motocin fili, shagon taya na bakin hanya mafi yawansu kwamfuta suke bi, in ta nuna kore shikenan sun gama, ka ce musu 2.5 sai su ce maka ai ja ta nuna.

Yanzu mu zo kan tayar. Idan ka duba jikinta zakaga an rubuta TREADWEAR da lamba a gaba, ta PS4S 300 ce. Wannan lambar ita mutane suke amfani da ita wajen raba tayoyi gida-gida, amma ka san yadda ake samo ta: gwamnatin Amurka ce ta tsara gwajin, ana yin sa a nan Texas ɗin ku kusa da San Angelo, tafiyar mil 7,200 ana kwatanta tayar da wata ta ma'auni, saidai kamfanin da ya ƙera tayar shi yake buga lambar da kansa, kuma doka ta yarda ya rubuta ƙasa da abin da ya samu. Saboda haka 200 ta Hankook da 200 ta Yokohama ba abu ɗaya bane ko kusa. Dalilin da yasa zakaga tayoyi rututu duk an rubuta musu 200 daidai shine ƙungiyoyin tsere irin SCCA sun sa 200 a matsayin mafi ƙanƙantar lambar da za a shiga ajin motocin titi da ita, sai kowane kamfani ya yi tayar da ta fi kama ƙasa da zai iya ya manna mata 200. Lambar ta zama tikitin shiga gasa kawai.

Tayar kowane yanayi, irin masu lamba 500 da wani abu ɗin nan, Continental DWS06 Plus ko Michelin Pilot Sport All Season 4, a titi suna da kyau wallahi, amma kar ka kai su fili a wannan motar, zanensu ƙanana ne masu tsaga-tsaga da yawa, zagaye uku huɗu zasu fara yagewa. Na wuce nan.

Gidan da kake ciki yanzu, wato tayar bazara mai lamba 300 zuwa 340, shine PS4S da Continental ExtremeContact Sport 02, sai Firestone Firehawk Indy 500 ga mai son sauƙin kuɗi. In ka dage lallai taya ɗaya kake so, to nan zaka zauna, kuma ni tsakanin Michelin da Continental ɗin bana jayayya da kowa, Continental ta fi araha kuma a ruwa ba a raina ta, Michelin sitiyarinta ya fi kaifi kaɗan. Abin da zaka gani a fili da irin waɗannan shine zagaye biyu uku na farko daɗi kamar me, daga nan sai zafi ya wuce inda robar take so, sai ka ji motar ta fara zamewa kamar an zuba yauƙin kuɓewa a kwalta, ka murɗa sitiyari ita kuma ta doshi gaba abinta, tayar tana ihu. Wanda ya sani sai ya sassauta zagaye ɗaya ta huce ya sake komawa. Sabon shiga kuwa sai ya ƙara murɗa sitiyari, kuma wannan ƙarin murɗawar ita take cinye kafaɗar tayar a yini ɗaya. Amma duk da haka, idan har yanzu kana rukunin masu koyo, da malami zaune a gefenka da hular kwano, ni shawarata ka ƙara yin shekara ɗaya a kan irin wannan tayar. Tana yi maka gargaɗi tun kafin ta sake ka, kuma tana sakin ka a gudun da ba zai kai ka bango ba. Taya mai manne wa ƙasa sosai ɓoye kuskuren direba take yi, ranar da ta gaji da rufa maka asiri kuma kana kan gudu mai yawa.

Wani abu game da Michelin ɗin, suna bada garantin mil 30,000 a kan PS4S, amma idan girman gaba da baya ba ɗaya bane kamar naka, wanda ba a iya juya su, na baya rabi ne, 15,000, kuma cinyewar da filin tsere ya jawo ba ruwan garanti da ita. Kar ka sa wannan a lissafinka.

Sai gidan 200 ɗin, kuma nan ne mutane suka fi asarar kuɗi saboda gidan ɗaki biyu ne. Akwai waɗanda aka yi domin su ɗau zafi nan take su bada zagaye ɗaya ko biyu mafi sauri, Yokohama Advan A052 da Bridgestone Potenza RE-71RS su ne manyan nan, da Falken Azenis RT660 da Nankang CR-S a kusa dasu. Masu gasar zagaya robobin lemu a filin fakin, wadda duk gudun bai wuce minti ɗaya ba, su ne suke mutuwar son su, kuma a kan ƙaramar mota irin Miata sai ka rantse sihiri ne. A052 a kan Mustang cikin zafin Texas na watan Agusta kuwa, da kambar kamfani, kuɗinka ka ƙona, gefenta laushi gare shi, bata son nauyi, kuma tsada gare ta. RE-71RS ta fi ta haƙuri amma ita ma ba don doguwar wahala aka yi ta ba. Ɗaya ɗakin kuma na masu juriya ne, waɗanda masu tseren awa takwas awa goma da tsofaffin motoci suke sakawa: Hankook Ventus R-S4, Continental ExtremeContact Force wadda aka yi tare da kamfanin tayar tsere Hoosier, tunda Continental ta sayi Hoosier a 2016, da Kumho Ecsta V730. Waɗannan a zagaye ɗaya basu kai na farkon sauri ba, amma yadda suke a minti na biyar haka suke a minti na ashirin, kuma ga mai mota mai nauyi da yake koyon tuƙi ba kofi yake nema ba, wannan shine abin da ya kamata ya biya kuɗi a kai. Kusa dasu akwai Goodyear Eagle F1 SuperCar 3 mai lamba 220, ita ce Chevrolet suka sa wa Camaro SS 1LE, 285 a gaba 305 a baya, kuma don mota mai nauyi irin taku aka ƙera ta tun farko, tana da juriyar zafi sosai.

Zaka iya zuwa aiki da waɗannan? Doka bata hana ba, kuma akwai masu yi. Amma ga abin da zaka haɗu da shi. Ƙugi, musamman R-S4 idan ta fara tsufa. Tauri, duk wani haɗin kankare na babbar hanya sai ka ji shi a ƙugunka. Tsakuwa da take tsinta tana watsa wa gefen motar har fenti ya fara tabo. Sannan babban, ruwa. Sabuwar PS4S zurfin zanenta ya kai wajen milimita 7.5, su waɗannan suna farawa ne daga wajen 5.5 zuwa 7, ramukan fitar da ruwa kaɗan ne, kuma kwana biyu uku a fili zai kwashe wani kaso, to ka ɗauka kana kan babbar hanyar I-10 an tsuge da irin ruwan nan na Houston da yake kwanciya a titi cikin minti goma, da taya mai faɗin 305 da ta rage saura milimita 3, motar zata hau kan ruwa ta yi iyo, sitiyari ya zama hoto. Faɗin da yake taimakonka a busasshiyar kwalta shi yake cutarka a nan. Michelin Pilot Sport Cup 2 da Ford suka sa wa Mustang mai Performance Pack Level 2 da Mustang GT350R ita ma haka take, tayar fili ce da aka yarda ta hau titi, masu ita sun san ranar ruwa a hankali ake tafiya.

Kuma akwai asarar da ba a gani da ido. Irin wannan robar duk lokacin da ta yi zafi ta huce tana ƙara tauri kaɗan, to idan kullum kana zuwa aiki da ita kana dawowa, wata shida zakaga zane yana nan amma kamun ƙasar da ka biya kuɗi dominsa ya tafi, ka kashe ta a cunkoson hanya. Su kuma masu lamba 100 zuwa ƙasa, Nitto NT01, Toyo R888R, Goodyear SuperCar 3R, har zuwa Hoosier R7 mai 40, ka bar su tukuna, ba yanzu ba.

Sanyi kuma, kar ka ce ai Texas ce. Tayar bazara kowace iri idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 na Salsiyas robar ta fara ƙagewa, da safe ka fito ka taka totur a kwanar unguwa da doki 460 a baya sai dai ka ga motar ta juyo tana kallon inda ka fito. GM har gargaɗi suka fitar cewa idan sanyi ya kai 7 ƙasa da sifili irin waɗannan tayoyin suna iya tsagewa idan aka motsa motar. Ku da kuka ga tsananin sanyin da ya afka wa Texas a Fabrairun 2021 ba sai an yi muku bayani ba. Irin wannan satin a ajiye motar kawai. Ɗan uwan da yake Chicago ko Minnesota kuma shi dole ma ya yi tayar hunturu daban.

Shi yasa abin da nake gaya wa duk wanda ya wuce fita uku huɗu a shekara shine ya sayi rim saiti na biyu. Rim ɗin kamfani su zauna da PS4S ko Continental don zuwa aiki, na biyun kuma a sa musu mai juriyar nan ta 200. Da farko zaka ji kuɗin da yawa, amma ka lissafa, saitin Michelin a girman motarka ya haura dala dubu ɗaya, kuma fili yana iya cinye na gaba a fita kaɗan, alhali in ka bar su a titi kawai zasu yi maka shekara biyu ko fiye. Kuɗin rim sau ɗaya ake biya, kuma ranar da ka sayar da motar suma suna da masu saye.

Kuma in zaka yi saiti na biyun, ka yi su duka huɗu girma ɗaya, rim ɗaya taya ɗaya. Kamfani suna sa ƙarama a gaba babba a baya ne saboda in abu ya ɓaci gaban motar ya fara zamewa kafin baya, wanda ya fi sauƙin kamawa ga direban da bai saba ba, amma a fili gaba ne yake neman taimako. Ka duba abin da su kansu suka yi da suka tashi yin motar fili da gaske: Camaro Z/28 ta 2014 305/30R19 aka sa mata gaba da baya, Mustang Performance Pack Level 2 ma 305/30R19 duka huɗu, Challenger Widebody 305/35R20 duka huɗu. Amfani na biyu shine juyawa, ka kai na gaba baya, na hagu dama, su cinye tare. Misali a filin tseren COTA na Austin doguwar kwanar daman nan ta 16 zuwa 18 tayar gaba ta hagu take gasawa, idan baka da halin juya ta ita kaɗai zata mutu ta bar sauran. Ka dai lura, taya mai kibiya a jiki irin R-S4 gefe ɗaya take juyawa, gaba da baya kawai ake musanya ta sai dai in za a cire ta daga rim a kifa, wadda aka rubuta wa OUTSIDE kuma tana zuwa kowane gefe amma ba a kifa ta.

Girman da ya fi sauƙi a motarka shine rim 19 mai faɗin inci 10 da taya 285/35R19, yana shiga ba tare da wani dogon aiki ba in an zaɓi zurfin rim daidai. Masu son 305/30R19 a kan inci 11 suna yi, amma a gaba sai an sa faranti a tura rim waje, da dogayen kusoshin noti, da kamba mai yawa don kada ta goga, kuma a titi faffaɗar tayar gaba tana bin duk wani kwari da manyan motoci suka yi a kwalta tana fizgar sitiyari. Ni 285 nake cewa ka fara da ita. Inci 18 ma zaɓi ne mai kyau, tayarsa ta fi araha kuma ya fi sauƙin nauyi, saidai birkin Brembo na motarka faifansa milimita 380 ne, ba kowane rim 18 yake wucewa ta kansa ba, sai waɗanda aka yi musamman irin na kamfanin Apex. Ramukan noti na Mustang 5x114.3 ne, Camaro 5x120, Challenger 5x115, kar wani ya sayar maka na Dodge ya ce ai kusan ɗaya ne.

Wajen girman akwai ɗan lissafi. A 275/40R19, 275 faɗi ne a milimita, 40 kuma tsayin gefen taya ne kashi 40 cikin ɗari na faɗin, wato milimita 110, tsayin tayar gaba ɗaya ya kama wajen 703. 285/35R19 tana wajen 682, 305/30R19 kuma 666. Kaga ta ƙarshen ta gajarta da kashi 5 cikin ɗari a kan tayarka ta baya, agogon gudu zai riƙa nuna fiye da abin da kake yi, giya zata riƙa ƙarewa da wuri, motar kuma ta ƙara kusa da ƙasa. A fili ba matsala bace, a titi mai ramuka kuwa gefen taya siriri rim yake lanƙwasawa. Sai lambar nauyi da harafin gudu da suke bin bayan girman, misali 100Y, 100 na nufin kilo 800 kowace taya, Y kuma kilomita 300 a awa, W 270. Kar ka sauka ƙasa da lambar nauyin da ke jikin takardar ƙofar direba, ka nemi mai XL, wato mai ɗaukar ƙarin nauyi.

Iska kuma, wannan kyauta ce amma ita aka fi wasa da ita. Takardar ƙofa ta ce 32 psi, wannan na titi ne, a sanyi, da safe. A fili iskar cikin taya tana hawa da 6 zuwa 10, wani lokaci fiye, wanda ya shiga da 32 zai fito da 41 ko 42, tayar ta kumbura tana tafiya da tsakiyarta, sai ya ce tayar ce bata da kyau. Abin da ake nema shine awon lokacin da take da zafi, ga yawancin waɗannan tayoyin tsakanin 33 zuwa 37, PS4S ta fi son saman wannan saboda gefenta ya fi laushi, masu 200 kuma ƙasa. Ka fara da 28 ko 29 da safe, zagaye biyu na farko a hankali kar ka hau dakalin kwana saboda iskar bata hau ba tukuna, kana fitowa kafin ka cire hular kwano ka ɗauki geji ka auna duka huɗu, ka sace iskar wadda ta wuce, ka rubuta. Ka sayi geji naka mai kyau, wanda yake nunawa a gaban mota yana jinkiri. Sannan ka shafa alli a kafaɗar taya ka ga inda kwalta ta goge shi, in gogewar ta gangaro har kan rubutun gefe to ko iska ta yi kaɗan ko kamba bata isa ba ko kuma hannunka ne ya yi nauyi a sitiyari. Wanda yake da na'urar auna zafin taya ya auna ciki, tsakiya da waje, cikin ya ɗan fi wajen zafi kaɗan shine daidai. Da yamma in komai ya huce ka mayar da iskar 32 kafin ka kama hanyar gida. Noti kuma da sifana mai awo ake ɗaure shi, na Mustang ɗinka 150 lb-ft, kuma a sanyi, ba lokacin da rim yake turiri ba.

Ka kuma sani duk lokacin da ka ƙara wa taya kamun ƙasa, wahalar komawa take kan wani abu. Birki zai fi zafi, don haka man birki mai jure zafi irin Motul RBF 600 ko Castrol SRF da takalman birki na fili su zo tare da tayar, ba bayanta ba. Kuma irin motarka an san ta da zafin man difaransha na baya idan aka daɗe ana matsa mata, har ta rubuto gargaɗi, shi yasa Mustang Mach 1 ta zo da na'urar sanyaya shi.

Mu da muka taso da sayen tayar tokumbo a gida, nasan zuciya zata ce a duba na hannu. Tayar zuwa aiki in ka samu mai kyau ba laifi, amma ta fili zane baya gaya maka sau nawa ta yi zafi ta huce, wanda ya sayar da ita ya san dalilinsa. Ko sabuwa ce ka duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a jikin tayar, 2322 na nufin sati na 23 a 2022, irin wannan robar in ta haura shekara biyu uku a ajiye ni bana biyan cikakken kuɗi a kanta. Tayar da aka yi wa faci ko wadda gefenta ya yi ƙulu kuma bata shiga fili, a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanyar bayan COTA mai kusan kilomita ɗaya motarka tana haura kilomita 200 a awa, ba wajen gwada faci bane.

Duk wannan da na faɗa na fili mai kwana-kwana ne. In abin da kake nufi tseren miƙe ne na kwatan mil, irin na Texas Motorplex a Ennis, to magana ta canza gaba ɗaya, can ƙaramin rim ake so a baya, inci 17, da taya mai dogon gefe mai laushi irin Mickey Thompson ET Street ko Nitto NT555RII, a rage iska zuwa wajen 20 ta murɗe ta cafki ƙasa lokacin tashi. Dodge Demon ta 2018 da irin su ta fito daga kamfani, Nitto NT05R 315/40R18. Waɗannan kuma ba a shiga kwana dasu da gudu, ruwa ma ba a maganarsa.

Saiti na biyun ka sa musu na'urar awon iska tasu don kada fitilar gargaɗi ta dame ka, in ka cire su ka ajiye a inuwa cikin leda, nesa da rana da janareta ko wani inji mai wuta. Ranar fita ba sai ka nemi tirela ba, ka ɗaura su daren Juma'a a gareji ka tuƙa zuwa filin, MSR Houston da ke Angleton bai kai tafiyar da zata cinye su ba. In ka duba waya ka ga za a wuni ana ruwa ranar Asabar, ka bar Michelin ɗin a jiki ka tafi dasu, a jiƙaƙƙen fili su zasu fi yi maka aiki.